Jirgin ƙasa ya iso Tama

Mai karatu, kada ka yi saurin ƙaryata ni. Na sani, kamar yadda ka sani, a faɗin ƙasarmu babu tashar da mutum zai je ya yanki tikiti ya hau jirgin ƙasa. Na kuma san cewa Tama, can cikin kwarin Majiya, ba ta cikin garuruwan da magabata ke ambata idan suna jawabi bisa layin dogo. Amma gani ya kori ji. Da idona na ga jirgi ya taso daga Abijan, ya ratsa Bobo da Waga, ya biyo ta Yamai da Ƙwanni da Madawa, ya zo ya tsaya Tama bayan sallar la'asar. Tafiyar duka ba ta kai minti biyu ba, domin cikin zaure guda aka yi ta.

Abin da ya kai ni yankin daban ne. Kasuwar albasa na je dubawa a Galmi da Madawa, ana tsakiyar kwasa, rana na dukan ƙeya, buhuna jibge bakin kwalta suna jiran mota. A tashar Madawa ne wani ɗan kasuwa mai kai albasa Gana, da ya ji aikina, ya yi dariya ya ce: «Kai da ba ka da aiki sai rubuta alkawarin gwamnati, tahi Tama ka ga inda anka cika guda.» Na tambaye shi wane alkawari, ya ce in je dai in nemi zauren mai jirgi, ko ƙaramin yaro zai nuna mani. Washegari da asuba na hau bayan ɗan kabu-kabu, muka yi arewa.

Daga dabagi zuwa fadama

Wanda bai taɓa ganin Adar ba sai ta tagar mota, bisa babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, bai san ta ba tukuna. Da zarar an bar kwalta sai ƙasa ta sake fuska. A hau dabagi, shimfiɗaɗɗen tudu mai baƙin dutse, inda ido ba ya cin karo da komai sai geza da sabara da awaki masu kiwon abin da kai ba ka gani. Ka yi ta tafiya har ka fara tambayar kanka abin da kakannin mutanen nan suka gani da suka kafa gida a nan. Kwatsam sai tudun ya yanke, kwari ya buɗe ƙarƙashin ƙafarka, kore shar a tsakiyar rani: garaken albasa, rijiyoyi, mangwaro, da dogayen layukan itatuwa da suka ratsa gonaki kamar an ja su da igiya.

Layukan nan suna da tarihi. Bayan farin 1973 da 1974, iskar gabas ta riƙa kwashe ƙasar fadama, tana binne shuka tun tana ganye biyu. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, tare da ƙungiyar CARE, suka soma dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, layi biyu-biyu, tsakanin shinge da shinge mita 100, domin a karya ƙarfin iska. Aikin ya bi kwarin gari bayan gari, har labarin Majiya ya shiga littattafan masu ilimin daji na ƙasashen waje. Can arewa kuma, a Keita, babban aikin da Italiya ta biya, FAO ta gudanar, ya tashi a 1984: aka yi madatsan ruwa, aka tona ramuka bisa gangaren duwatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan duwatsun mata ne suka ɗauke su a ka, ana biyan su da abinci, domin mazan sun tafi neman kuɗi.

Har yau haka Adar take da rani. Tama, wadda dokar 2002 ta mai da ƙaramar hukuma cikin gundumar Buza, na same ta garin mata da yara da dattawa. Samari suna Abijan, suna Legas, suna Libiya. Masu garka kaɗai suka rage cikin majiya ƙarfi, su ma suna can fadama tun safe.

Zauren mai jirgi

Ɗan kasuwar Madawa bai yi ƙarya ba. Yaron farko da na tambaya bai ba ni amsa ba, gaba kawai ya shige, wasu biyar suka rufa mamu baya. Zauren na ƙasa ne, irin na kowa, sai dai an kawar da tabarmi, an gina wani dakali mai faɗi a tsakiya. Bisa dakalin nan layin dogo ya kewaya, ya hau gada, ya shiga ƙarƙashin wani ɗan tsauni na yumɓu, ya fito. Ƙarafan dogon waya ce da aka miƙar da guduma, an ɗaure ta bisa gutsattsarin karan dawa. Taragun gwangwanin sardin ne da na tumatir, ƙafafunsu marfin kwalba. Kan jirgin kuwa, cikinsa injin tsohuwar rediyo ce mai kaset, wanda batir ke juyawa. Kowane tarago ɗauke da ƴan buhuna kamar babban yatsa, waɗanda uwargidan ta ɗinka da ragowar buhun albasa.

Mai zauren dattijo ne da ya haura saba'in, hannuwansa duk tabon kuza da wuta, domin gyaran fitila da bokiti ne sana'arsa. Na gaishe shi, na faɗi daga inda nake.

«Zamna, ɗana,» in ji shi. «Jirgi ba ya tashi sai an yi la'asar. Ko na Turawa da lokaci shi ke aiki.»

Kafin la'asar ya ba ni labarinsa. Yunwar 1974 ce ta fitar da shi daga gida, yana saurayi. Mota ta kai shi Yamai, wata ta kai shi Waga, a can ya fara ganin abin da har yau bai fita ransa ba. Ya kwana cikin tarago, ya wayi gari ƙasa ta zama daji, sama da kilomita 1,100 har bakin teku. Shekara goma sha ya yi yana kai da komowa bisa wannan layi, yana dako a Tireshbil, daga baya ya koyi aikin gwangwani. Tashoshin duka suna kansa kamar karatun allo: Agbobil, Dimbokoro, Buwake, Katiyola, Ferke, Banfora, Bobo, Kudugu, Waga. Abin da ya fi tsaya mashi a rai shi ne sunan da ke rubuce jikin taragun: Abijan-Nijar.

«Sunanmu na bisa, ɗana, amma jirgin bai taɓa ganin ƙasarmu ba. Na ce to, tunda su sun gaji a Waga, ni bari in ƙarasa masu.»

Gaskiyarsa. Faransawa sun soma wannan layi a 1904, ya kai Bobo a 1934, ya kai Waga a 1954, daga baya Burkinawa suka ja shi zuwa Kaya, nan ya tsaya. Na Kwatano ya kai Paraku a 1936, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar a 1959 da niyyar a ƙaraso da shi, shi ma bai tsallako kogi ba. Ta kudu, dogon Ingilishi ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, ya tsaya yana hangen iyakarmu. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram sai raƙumi da mota suka riƙa kai mashi. A zamaninmu kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016, aka yi bukin buɗewa, shari'a ta tashi a Benin bisa wanda ke da haƙƙin aikin, jigila ba ta kankama ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma Nijeriya ta aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya.

Dattijon ya san duk wannan, rediyo ba ta barin kunnensa. Shi ya sa allunan tashoshinsa iri biyu ne. Daga Abijan zuwa Waga da fenti ya rubuta su. Daga Yamai zuwa Tama kuwa da alli. Na tambayi dalili.

«Waɗanga na taka su da ƙafata. Waɗancan alkawari ne. Alkawari da alli a ka rubuta shi, don in sun sake shawara in shafe ba wahala.»

Da aka idar da la'asar zauren ya cika. Ya haɗa waya biyu, jirgin ya yi ƙara kamar ƙudan zuma, ya motsa. Wani yaro mai usur ya zama shugaban tasha, wani yana kiran sunayen garuruwa, sauran suna amsawa. Yaran da ba su taɓa wuce Madawa ba sun haddace hanyar teku tasha-tasha. A gadar Dosso jirgin ya kauce, buhuna suka zube, aka yi shewa, aka mai da shi. Da ya iso Tama sai aka yi tafi.

A Turai wannan wasa na manya ne, har da shaguna da mujallu nasa. Kamfanoni irin Märklin na Jamus da Jouef na Faransa sun daɗe suna ƙera ƙananan jirage bisa ma'auni, mafi yaɗuwa shi ne wanda ke rage komai sau 87, tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16 da rabi. A Hambug akwai gida guda da aka buɗe a 2001 domin wannan kaɗai, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Su saye suke yi su haɗa. Namu ya fi kusa da marigayi Mustafa Alasan, makaniken da ya zama mai shirya fim, ya zauna Tawa yana ƙera ƴan tsana da hannunsa yana ba su rai, har rasuwarsa a 2015. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya taɓa yin motar kara ko ta waya. Abin tambaya shi ne ranar da muke dainawa, da kuma wanda ya ce mu daina.

Kayen Mushe

Ana cikin kallo wani dattijo ya shigo, yarinya na riƙe da sandarsa. Mai jirgi ya ɗaga murya: «Ga magatakardan lahira nan ya iso, kowa shi gyara zama kada a rubuta shi!» Shi kuma ya mayar: «Injiniyan gwangwani, sau nawa ta faɗi yau?» Taubasai ne, shekara saba'in suna wannan. Duk garin Mushe ake ce mashi, domin malamin lakwal ne da ya koyar a ƙauyukan Buza da Keita har ya ajiye aiki. A gidansa na kwana, kuma abin da na gani can ne ya sa na rubuta wannan shafi.

Bayan isha'i ya sa jikarsa ta jawo wata akwatin ƙarfe. Cikinta kaye ne na ƴan lakwal, ɗaure-ɗaure da tsumma, kowane ɗauri da shekararsa. Na farko na 1984 ne, shekarar da damina ta ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyaka, yunwar da talakawa suka raɗa wa El Buhari. Ya ce ajinsa ya riƙa raguwa kullum, iyaye na kwashe ƴaƴansu suna yin kudu, sai ya fara rubuta sunan duk wanda ya tafi don kada ya manta da shi. Yunwa ta wuce, hannu ya riga ya saba.

Tsarin bai sake ba tun ranar. Kwanan wata na boko da na Musulunci. Inda iska ta fito. In an yi ruwa, milimita nawa, domin yana da ma'auni kafe tsakar gida. Kuɗin tiyar hatsi da buhun albasa ranar kasuwa. Wanda aka haifa, wanda ya rasu, wanda ya tafi ci-rani, wanda ya dawo. Layi biyar ko shida, wani da Faransanci, wani da Hausa, ba sharhi, ba ƙorafi. Na buɗe Laraba 12 ga Janairu 1994: rediyo ta ce an karya sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, ƙasa da wannan, mai kanti ya rufe shago har ya ji sabon farashi. Na buɗe Juma'a 9 ga Afrilu 1999: layi guda bisa kisan shugaba Bare a filin jirgin Yamai, layi uku bisa wata rijiya da ta rufta a fadama. Laraba 29 ga Maris 2006: rana ta yi husufi da hantsi, haske ya dushe, kaji suka nufi akurki, aka yi salla.

Na ce: «Baba, shugaban ƙasa layi guda, rijiya layi uku?»

Ya ce: «Shugaba na da ku. Rijiyar nan in ban rubuta ta ba, wa za ya rubuta?»

Ƙarƙashin kayen akwai ambulan na hotuna. Da albashinsa na farkon shekarun aiki ya sayi kyamara ta hannu, tsohuwa, daga wani ɗan ci-rani. Fim guda hoto 36 ne, sai ya yi wata uku yana tattalinsa, sa'an nan ya ba direba ya kai Tawa ko Maraɗi a wanko, wani lokaci ya dawo rabi a ƙone. Bai taɓa karɓar ko dala ba bisa hoto, bai kuma taɓa ɗaukar mutum ba sai da izninsa, domin akwai malaman da ba su so, akwai gidajen da ba a shiga. Bayan karyewar sefa kuɗin fim ya ninka, ya koma fim guda a shekara. Da hoton waya ya zo, masu wankin fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Akwai hoto guda da bai taɓa fashi ba. Kowace kaka, bayan an yanke hatsi, sai ya hau wani dutse a bakin dabagi, ya tsaya wuri guda, ya ɗauki kwarin. Jikar ta jera mani su bisa tabarma, ta haska da fitila. A na farko layukan dogon yaro siraran zare ne. Shekara bayan shekara suna kauri, har su zama bango. Daga nan sai giɓi ya fara bayyana, kamar bakin tsoho: nan an sare, can ƙorama ta ci gaɓa ta tafi da gona, gari kuma yana tsawo yana hawa inda dā hatsi yake. Na karanta rahotanni da yawa bisa hamada a ofisoshin Yamai, babu wanda ya bayyana mani ita kamar tabarmar nan.

Mun san sunan Malik Sidibe na Bamako, wanda aka ba babbar lambar Banis a 2007, da Filip Kujina da ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970. Su ma da suna aiki, mai hoton unguwa kawai aka ɗauke su. Sai da shekaru suka tura aka gane cewa abin da ke cikin akwatunansu ba ya wani wuri a duniya.

Ranar da takarda ta yi magana

Wani zai ce duk wannan shagalin mai cikakken ciki ne, a ƙasar da ake auna hatsi da tiya. Na faɗa wa Mushe haka, don in ji ta bakinsa. Maimakon amsa sai ya sa aka ciro kaye guda da hoto guda.

Wasu shekaru da suka wuce gidaje biyu suka yi rikici bisa wata gona a fadama. Tun da albasa ta yi daraja, taki guda na ƙasa mai ruwa kusa ya zama abin da ake zare wuƙa a kansa. Gida na farko suka ce aro kakansu ya bayar lokacin yunwa, na biyu suka ce saye ne. Waɗanda suka shaida duk sun rasu. Dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi hukumomin da ke rubuta irin wannan ciniki, ta kuma bar wa sarakai ikon sulhu, amma abin da ya faru kafin ta, ko wanda aka ƙulla a gindin itace ba takarda, sai rantsuwa. Ana shirin dafa Alƙur'ani sai wani ya tuna da Mushe. Aka bincika, aka samu layi biyu cikin kayen 1985: wane ya ba da gonarsa jingina bisa damman hatsi kaza, a gaban wane da wane. Ba aro ba ne, ba kuma saye ba. Hoton kakar shekarar ya nuna wata aduwa da ke kan iyaka, wadda yanzu sai kututture. Aka biya hatsin, aka mai da gona, aka yi fatiha. Gidajen biyu har sun haɗa aure daga baya.

Ƴan kasuwa, ku da kuka fi kowa sanin darajar lissafi, ku lura da wannan. Idan muna son mu san abin da ake saye da sayarwa a Tasawa da Katsina da Kano a 1851, wurin Bajamushe muke zuwa, watau Barth, domin shi ne ya zauna kowane dare yana rubuta abin da ya gani da rana. Yaronsa Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya bi shi har Ingila a 1855. Labarinsa ya rayu ne saboda an zaunar da shi an rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Dubban fatake sun yi tafiyar da ta fi tasa, sun tafi da labarinsu kabari. Yau kowannenmu na da kyamara a aljihu, muna ɗaukar hoto ɗari a bukin aure guda, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge, shi ke nan. Wa ke iya faɗin kuɗin buhun albasa a Madawa shekara ashirin baya, wata bayan wata, in ba mai kaye ba?

Ku kuma ma'aikata, mun sha ganin abin da ke samun mutum idan ya miƙa makullin ofis. Shekara talatin yana sa hannu bisa takardun wasu, ran da aka sallame shi sai ya rasa inda zai sa hannun nasa. Ya zauna ƙofar gida yana jiran fansho da gaisuwar da ta daina zuwa. Dattawan nan biyu ba su da fanshon kirki, ɗaya ma ba shi da ko kaɗan, amma kowannensu na da dalilin tashi da safe, kuma yaran gari sun san hanyar ƙofarsu.

Wa zai riƙe bik?

Ba zan ɓoye maku ba, akwatin na cikin haɗari. Gara ta shiga ta cinye 1991 da 1992 da rabin 1993, watau duk zamanin taron ƙasa da zaɓen farko, yadda aka gan su daga Tama. Hotunan farko sun fara ja. Yana ta rufe idon Mushe, shekara biyu ke nan bai ga layin kaye ba. Ƴaƴansa maza suna ci-rani, kuma ya ji da kunnensa ɗayansu na cewa takardun nan sun isa ƙunsa ƙosai shekara guda.

Na ba shi shawara a kai akwatin Yamai. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Abdu Mumuni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Ya yi shiru, sa'an nan ya girgiza kai.

«Ɗana, in an sake rikicin gona, Yamai za a tahi a tambayi akwati? Kayen Tama, Tama shi ka zama.»

Ban iya musa mashi ba. Abin da muka shirya shi ne, jikar tasa, wadda ke aji na uku a kwaleji, za ta ɗauki kowane shafi da waya, kaye bayan kaye, ni kuma in na samu in buga su a takarda kashi biyu, guda ya koma Tama, guda ya tafi inda gara ba ta kai. Mun fara a daren, muka gama 1984 kafin fitila ta mutu. Saura shekara arba'in.

Ita ce kuma ke riƙe da bik yanzu. Kowane dare bayan isha'i yana faɗa tana rubutawa, kuma na lura takan ƙara nata layin a ƙasa ba ta gaya mashi ba. Da kaka ita ke hawa dutsen. Mai jirgi shi ma ya samu magaji ko bai nema ba: shugaban tashar nan mai usur ya fara tara gwangwani, wai zai ja reshe daga Madawa zuwa Maraɗi, ya tarbi na Kano.

Da safe, kafin ɗan kabu-kabu ya zo, na roƙi a nuna mani shafin jiya. Yarinyar ta duba kakanta, ya ɗaga kai. Ga abin da na karanta: «Iska daga gabas, ƙura kaɗan. Ba haihuwa, ba rasuwa. Baƙo ya zo daga Yamai, ɗan jarida, tambaya gare shi da yawa. Jirgi ya faɗi sau ɗaya, a Dosso.» A ƙasa, da ƙaramin rubutu: «Baƙon ya ce zai aiko da takardu. Za mu gani.»

Mai karatu, ka ga ni ma an rubuta alkawarina, kuma ba da alli ba. Kai kuma, kaye guda da bik guda ba su kai kuɗin shayin safe biyu ba. Yau da dare ka rubuta kwanan wata, da inda iska ta fito, da kuɗin abin da ka saya ko ka sayar. Gobe ka sake. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.